Ma'aunin da Tafki Ya Haɗiye

Sana'ata sanyi ce.
Shekara ashirin a Aboabo ina tsugune bayan firiji,
ina lallashin ƙarfe ya haifi ƙanƙara,
har ƙashin bayana ya ce ya gaji.
Likita ya ɗaga hoton, ya ajiye biro:
"Sallau, maganinka ba ya cikin kwalba.
Nemi ruwan da ya fi ƙarfin tsayinka."

Ran Lahadi na bar Kumasi da sassafe.
Hanya ta haura, ta haura, sai ta zube
cikin wani kwano da tsaunuka suka tallabe.
Bosomtwi. Ruwa kwance, ba ya zuwa ko'ina.
A aljihuna ma'aunin zafi na shago,
don ni ban yarda da abin da ban auna ba.

A watan Maris na fara shiga.
Talatin da ɗaya! Ruwan wankan jariri.
Ka yi iyo da hantsi ko ka haƙura,
da azahar saman tafkin shayi ne da aka manta a kofi.
Amma saki ƙafa ƙasa ka ji:
wani sanyi na lasar yatsu
daga can inda rana ba ta da dangi.

Agya Kwarteng, tsohon Batone, masunci,
yana zaune kan katakonsa, ƙorai biyu a tafi yana tuƙi,
ya ga ina ɗaura wa gilashi zare,
ya yi dariya har katakon ya karkace.
Hausarsa ta kasuwar goro ce, gutsure-gutsure:
"Mai firiji, ruwa ba ya zazzaɓi.
Sa gwiwar hannu."

Yuni ya zo da hadari a ka.
Laka ta gangaro daga gonakin koko, gaɓa ta yi ja,
iska kan faɗo bayan la'asar ba sallama.
Ranar da na yi taurin kai
na sha tafki wajen moɗa uku.
Tsohon ya jawo ni ta wuyan singileti,
bai ce uffan ba,
kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Agusta kuwa,
rana ta shige ɗaki ta saki labule.
Ashirin da bakwai, in ji gilashi.
Ni da ke kama ƙanƙara da tsirarar hannu,
ga haƙorana suna kiɗan kalangu.
Huɗu kacal aka rage,
tazarar da ke tsakanin "shigo mana" da "wa ye a nan?"

Wata safiya muka tarar ruwan ya juya kwanciya.
Na ƙasa ya hau, baƙi-baƙi, da warin ruɓaɓɓen ƙwai,
karfasa sun taso suna hamma,
yara na kwasa da kwanduna.
"Yau ba wanka," in ji Kwarteng.
"Mai ɗaki yana shara."
Duk da haka na zura zaren, ina son lamba,
ina son abin rubutawa a bayan rasit.
Ƙullin ya kwance.
Na bi jan ɗigon da ido yana nitsewa, yana ƙanƙancewa,
kamar wutar bayan motar da ta bar ka a tasha.

Ban sayi wani ba.

Yanzu Nuwamba, ruwan ya lafa, ya yi garau,
ana ganin farcen ƙafa a kan tsakuwa.
Bayana ya daina ƙorafi, sai dai ran kasuwa.
Na zo da autata Barira,
ta tsaya a gaɓa ta naɗe siket, tana ɗari-ɗari:
"Baba, da sanyi?"

Na durƙusa, na tsoma gwiwar hannu, na yi shiru
kamar mai sauraron injin da ke shirin tashi.
Kwarteng na can nesa yana ɗaga raga, bai juyo ba,
amma na san kafaɗun nan, dariya suke.

"Shigo," na ce, "yau yana cikin fara'a."

Can ƙasa, a duhun da ba mu da labari,
gilashina na nan kwance cikin taɓo,
yana faɗin gaskiya dare da rana
ba mai karantawa.